Fataucin Yara da Bautar Zamani: Tambayoyin da Ɗalibai da Malamai Ke Yawan Yi

Duk lokacin da aka taɓo maganar fataucin yara a makaranta, tambayoyi iri ɗaya ne ke ta dawowa, daga bakin ɗalibai da kuma malamansu. Ga su nan da amsoshinsu. Wasu gajeru ne, wasu kuwa sai an ɗan tsaya a kansu, domin nan ne aka fi samun rashin fahimta.

Wai har yanzu akwai bauta? Ba an daɗe da hana ta ba?

A takarda an hana ta. Tun 1926 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar yaƙi da bauta, sannan a 1948 sashe na 4 na sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya haramta bauta da cinikin bayi kowane iri. Mauritaniya, wadda ta zo daga ƙarshe, ta soke bauta a 1981, ta kuma mayar da ita laifin da ake hukuntawa a 2007.

Amma hana abu a doka daban, gushewarsa daban. A 2022 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, tare da Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya, IOM, da ƙungiyar Walk Free, sun ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 50 ne ke cikin bautar zamani: miliyan 27.6 a aikin tilas, miliyan 22 a auren dole. Cikin masu aikin tilas ɗin, miliyan 3.3 yara ne. Kuma harka ce ta kuɗi, don ILO ta ce a 2024 ribar haram da ake samu daga aikin tilas ta kai dala biliyan 236 a shekara.

Bawan wannan zamani ba lallai a gan shi da mari a ƙafa ba. Mutum ne da ake ci da guminsa ko da jikinsa, kuma ba shi da ikon cewa a'a, ba shi da ikon tafiya, saboda duka ko barazana ko yaudara ko bashin da aka ɗaura masa.

To mene ne ainihin fataucin yara?

Ma'anar da yawancin ƙasashe suka gina dokokinsu a kai ta fito ne daga yarjejeniyar Palermo ta shekarar 2000. Idan babba ne, sai abu uku sun haɗu: an ɗauko shi ko an kai shi ko an ajiye shi ko an karɓe shi, an yi hakan da ƙarfi ko yaudara ko barazana ko biyan wani mai iko da shi, kuma manufar ita ce a ci da guminsa.

Idan yaro ne, wato duk wanda bai cika shekara 18 ba, sharaɗi na biyun ya faɗi. Ba sai an tabbatar da an doke shi ko an yaudare shi ba. Da zarar an ɗauko shi ko an karɓe shi da niyyar a ci da shi, laifin fatauci ya tabbata.

Ko da yaron ne da kansa ya yarda? Ko iyayensa ne suka amince?

Ko da hakan. Yardar yaro ba ta wanke mai laifi, haka ma yardar iyaye. Wannan ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe shi da kyau, domin da shi ake toshe bakin yara. Ana ce wa yarinya, "Ai da ƙafarki kika zo," ko "Babanki ya karɓi kuɗi, me za ki ce?" Sai ta ɗauka laifin nata ne, ta yi shiru. Doka ba ta kallon abin haka. Yarinya 'yar shekara 14 da ta amince ta bi wani saboda ya yi mata alkawarin makaranta ba ta amince a kulle ta tana wanke-wanke daga asuba har tsakar dare ba, kuma ko da ta furta amincewar, doka ba ta lissafa ta.

Sai an ƙetare iyaka da mutum ne ake kiransa fatauci?

A'a. Binciken da IOM ta yi da jami'ar Harvard, wanda aka fitar a 2023, ya nuna fiye da rabin yaran da aka yi fataucinsu a cikin ƙasarsu aka yi. Daga ƙauye zuwa birni ma ya isa, wani lokaci daga unguwa zuwa unguwa.

Kada a haɗa shi da fasa-ƙwaurin baƙin haure. A can mutum ne ke biyan kuɗi a tsallakar da shi iyaka ta ɓarauniyar hanya, in an isa a rabu. Sai dai sau da yawa fasa-ƙwaurin kan rikiɗe ya koma fatauci. Kuɗi ya ƙare a tsakiyar hanya, sai direba ya miƙa matafiyi ga wani, wanin ya ce sai ya yi aiki ya fanshi kansa. Abin da duniya ta gani a Libiya a 2017 ke nan, lokacin da tashar CNN ta nuna ana gwanjon baƙin haure.

Su wane ne masu wannan aika-aika? Ba ɓarayin yara ba ne?

Nan ne mafi yawanmu muka yi kuskuren fahimta. Tun muna ƙanana aka tsorata mu da baƙon da zai tare mu a hanya ya jefa mu a mota. Yana faruwa, amma ba shi ne ya fi yawa ba. Mai fataucin yara ya fi zuwa da fara'a da sallama da tsaraba. Alƙaluman IOM sun nuna kusan rabin shari'o'in fataucin yara da aka gano akwai hannun wani daga cikin dangi a farkonsu. Kawu ne, ko gwaggo, ko maƙwabciyar da kowa ke girmamawa, ko wata da ta tafi birni ta dawo da kaya masu kyau tana neman 'yan mata "masu hankali". Mata suna da yawa cikin masu ɗauko yara, saboda an fi saurin yarda da su.

Makaminsu alkawari ne. Za a sa shi makaranta. Za ta koyi sana'a. Za a riƙa aiko wa gida da kuɗi duk wata. Kuma sun san inda suke zuwa: gidan da talauci ya yi wa katutu, gidan da uba ya rasu, sansanin 'yan gudun hijira, yankin da fari ko ambaliya ko yaƙi ya tarwatsa, yaron da ba a yi masa rajistar haihuwa ba, wanda in ya ɓace babu takardar da za ta nuna ya taɓa wanzuwa. Wasu iyayen ba su san abin da suka miƙa ɗansu gare shi ba, da zuciya ɗaya suka yi.

Yanzu kuma waya ta rage musu wahalar tafiya. Mutum zai yi wata da watanni yana hira da yarinya a Facebook ko TikTok ko WhatsApp, yana yabonta, yana tura mata kati, yana sauraron kukanta kan abin da ke damunta a gida. Sannu a hankali ya raba ta da ƙawayenta, ya nuna mata shi kaɗai ne ya damu da ita. Daga nan ya nemi hoto, hoton ya zama igiyar da zai ja ta da ita. Samari ma ana yi musu haka, kuma su sun fi jin nauyin faɗa.

Me ake sa yaran yi?

Aikatau a gidaje, aikin gona da kamun kifi da haƙar ma'adinai, bara da talla na tilas, karuwanci, auren dole, safarar ƙwayoyi, ɗaukar makami. A tafkin Volta na Gana an sha samun ƙananan yara da ake sa su nutso su warware komar da ta maƙale a kututturan da ke ƙarƙashin ruwa. A Indiya da Pakistan akwai iyalai da bashi ya ɗaure a wuraren gasa bulo, har 'ya'ya su gaji bashin iyaye. A Birtaniya ƙungiyoyin masu laifi na amfani da yara 'yan ƙasar wajen kai ƙwaya daga manyan birane zuwa ƙananan garuruwa. Babu nahiyar da ta tsira, kuma arzikin ƙasa bai hana ba.

Rahoton 2024 na UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi da manyan laifuka, ya ce kashi 38 cikin ɗari na waɗanda aka gano an yi fataucinsu a 2022 yara ne. 'Yan mata an fi jefa su cikin lalata, maza kuwa aikin tilas da bara da aikata laifi. A lura, waɗanda aka gano ke nan. 'Yar aikin da ke ƙuryar gida ba ta shiga lissafin kowa ba.

Ke nan duk yaron da ke aiki bawa ne?

A'a, kuma ya kamata a yi adalci a nan. Yaron da ke taya iyayensa aiki bayan an tashi daga makaranta, aikin da bai fi ƙarfinsa ba, tarbiyya ake ba shi. Matsala tana farawa ne idan aikin ya hana shi karatu, ko yana cutar da lafiyarsa, ko ya yi ƙanƙanta da shi. ILO da UNICEF sun ƙiyasta yara miliyan 138 ne ke irin wannan aiki a 2024, miliyan 54 daga ciki aiki mai haɗari. Bauta kuwa ita ce ƙarshen lamarin: an raba shi da nasa, wani ne ke cin kuɗin, kuma ba ya iya tafiya. Haka riƙon ɗan dangi, wanda al'ummomi da yawa a duniya ke yi, alheri ne idan ana ɗaukar yaron kamar 'ya'yan gida. Idan 'ya'yan gida na tafiya makaranta shi yana tsugune yana wanki, sunan riƙo ne kawai ya rage.

Me ya hana su guduwa?

Wannan tambayar kan zo da ɗan zargi a cikinta, don haka a saurara da kyau. Su gudu su je ina? Yaron da aka kai garin da bai san kowa ba, wataƙila ko harshen wurin ba ya ji, ba shi da ko sisi, an karɓe wayarsa da takardunsa. An gaya masa 'yan sanda shi za su kama in ya fita. An gaya masa an san gidansu, an san ƙanwarsa. An lissafa masa bashin mota da na abinci da na ɗaki, bashin da kullum ƙaruwa yake komai aikin da ya yi. Wasu an sa su rantsuwa, an tsorata su cewa in sun karya za su mutu ko su haukace. Wasu kunya ce ta ɗaure su: da wane ido za ta kalli mahaifiyarta bayan abin da aka sa ta yi? Akwai kuma waɗanda ba su ma san ana zaluntarsu ba, saboda ba su taɓa ganin wata rayuwa ba, ko kuma mai zaluntar tasu shi ne wanda suke kira masoyi.

Me ya sa sai a makaranta za a yi wannan magana? Ba aikin 'yan sanda ba ne?

Ɗan sanda yana zuwa ne bayan abu ya faru. Makaranta kuwa ita ce wurin da ake kiran sunan yaro kullum da safe, a san ya zo ko bai zo ba. Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Gaskiya ne a abubuwa da yawa, amma a wannan babin yara kan riga manya gani. Ƙawa ce ke fara sanin an ba ƙawarta sabuwar waya, ita ce ta san da wa take hira da dare, ita aka fara yi wa raɗa cewa "zan tafi, kar ki gaya wa kowa."

Labarin Mo Farah, ɗan tseren Birtaniya da ya ci lambar zinare huɗu a gasar Olamfik, ya isa misali. A 2022 ya bayyana cewa yana ɗan kimanin shekara 9 wata mata ta ɗauko shi daga Jibuti zuwa Ingila da sunan da ba nasa ba. Sunansa na gaskiya Hussein Abdi Kahin. Ta yayyaga takardar da ke ɗauke da adireshin danginsa a gabansa, aka sa shi aikin gida da rainon yara, ba a bar shi ya shiga makaranta ba sai da ya kai wajen shekara 12. Wanda ya fara buɗe wa cikinsa shi ne malaminsa na wasanni, Alan Watkinson, kuma malamin bai yi shiru ba. Ya sanar da hukumar jin daɗin jama'a, aka mayar da yaron hannun wani iyali.

Waɗanne alamu zan lura da su a jikin abokin karatuna?

Yawan fashi ba dalili, ko ya daina zuwa kwatsam. Barci a aji kullum saboda gajiya. Tabon duka da yake ɓoyewa. Kuɗi ko waya ko tufafi masu tsada da ba ta iya faɗin inda suka fito. Saurayi ko "aboki" da ya girme ta sosai, mai zuwa ɗaukarta. Firgita in waya ta yi ƙara. Amsa iri ɗaya kamar an haddace, ko wani babba da ba ya barin yaro ya yi magana da kansa. Maganar wata tafiya da ake ɓoye wa iyaye.

Alama ɗaya ba hujja ba ce. Yaro na iya gyangyaɗi don rashin lafiya. Amma in biyu ko uku suka haɗu, ba sai ka tabbatar ba kafin ka faɗa. Tabbatarwa aikin wasu ne.

Na ga irin waɗannan alamu, kuma ta roƙe ni in rufa mata asiri. Yaya zan yi?

Ki saurare ta, kada ki yi mata faɗa, kada ki ce ƙarya take. Ki gaya mata ba laifinta ba ne. Amma kada ki yi mata alkawarin yin shiru. Ki ce, "Ƙawata, wannan ya fi ƙarfina, ya fi ƙarfinki. Zo mu je wurin Malama tare." Za ta iya yin fushi da ke, kuma fushin zai yi miki ciwo. Fushin ƙawa yana wucewa, yarinyar da aka fitar da ita daga gari kuwa dawo da ita abu ne mai wuyar gaske.

Sai abin da ba a yi. Ba a tunkarar wanda ake zargi. Ba a shirya "ceto" da abokai. Ba a sa hotonta ko labarinta a intanet, domin hakan na iya sa a gaggauta ɗauke ta, kuma ya bar mata tabon da ba ya gogewa. Ki rubuta abin da kika gani da ranar da kika gani, ki kai wa babban da kika amince da shi. In bai ɗauki maganar da muhimmanci ba, ki kai wa wani. Ƙasashe da yawa suna da hukuma ta musamman mai yaƙi da fataucin mutane, kamar NAPTIP da aka kafa a Najeriya a 2003, akwai kuma layukan kiran taimakon yara kyauta: 116 a ƙasashen Afirka da dama, 116 111 a Turai, 1098 a Indiya. Kowace makaranta ta nemi lambar ƙasarta ta manna a inda kowa zai gani.

An yi mini tayin aiki, ko karatu, ko ƙwallo a waje. Ta yaya zan gane na gaskiya?

Ka lura da gaggawa da sirri, su ne manyan alamu biyu. Wanda ya ce dole ka yanke shawara yau, ko ya ce kada ka gaya wa iyayenka sai ka isa, ka guje shi. Haka wanda ya ce zai biya komai ka riƙa biya daga baya, wanda zai riƙe maka fasfo, wanda ya ce a ƙara maka shekaru a takarda, wanda ba zai iya ba ka sunan wurin da cikakken adireshi ba. Albashi mai tsoka kan aikin da ba ya buƙatar ƙwarewa shi ma abin tambaya ne. Da irin wannan talla aka kwashi matasa masu ilimi zuwa Kambodiya da Myanmar, aka kulle su ana tilasta musu damfarar mutane ta intanet. Ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2023 sun kai dubban ɗaruruwa.

Masu sha'awar ƙwallo su san cewa dokar FIFA ta hana sauya wa ɗan wasan da bai kai 18 ba sheƙa zuwa wata ƙasa, in ban da wasu 'yan sharuɗɗa. Wakilin da ya nemi iyayenka su sayar da kadara don ya kai ka gwaji, a bincike shi a hukumar ƙwallon ƙasa kafin a ba shi ko kwabo.

Ni malami ne. Yaya zan koyar da wannan ba tare da na firgita yara ba?

Malam, hotunan yara cikin sarƙa ba sa koyar da komai. Suna sa ɗalibi ya ɗauka abin na can nesa ne, ga kuma ba haka yake zuwa ba. Abin da ya fi amfani shi ne a kawo yanayi irin na yau da kullum a tattauna: ga saƙon da wani ya turo, me za ki amsa? Ga tayin da aka kawo wa mahaifinka, waɗanne tambayoyi za a yi? A bar su su yi wasan kwaikwayo, su gwada cewa a'a da bakinsu. Ƙananan aji a tsaya kan haƙƙinsu a kan jikinsu, da bambancin sirri mai kyau da mara kyau, da sunayen manya uku da za su iya gaya wa damuwa. Manyan aji a shiga doka da intanet da tayin aiki.

Abu biyu ake yawan mantawa. Na farko, wataƙila a cikin ajin akwai wanda ake magana a kansa, don haka a kula da harshe. Na biyu, kada a buɗe wannan magana sai makaranta ta shirya abin da za ta yi in yaro ya zo bayan darasi ya ce, "Malam, ni ne." Wa zai saurare shi? Wa za a kira? Ina zai kwana yau? In babu amsa, an tone masa ciwo an bar shi. Kuma lacca ɗaya a shekara ba ta wadatar ba. Ranakun 12 ga Yuni, 30 ga Yuli da 2 ga Disamba, waɗanda aka ware wa yaƙi da aikin yara da fataucin mutane da bauta, dama ce ta tunatarwa, amma bibiyar rajistar aji kowane mako ta fi su tasiri.

Ɗalibai za su iya canza wani abu kuwa?

Sun taɓa yi. Iqbal Masih na Pakistan yana ɗan shekara 4 aka kai shi masaƙar darduma saboda bashin iyalinsa. Ya kuɓuta yana da 10, ya riƙa yawo yana faɗakarwa, aka harbe shi a 1995 yana da 12. Ɗaliban wata makaranta a garin Quincy na Amurka, waɗanda ya taɓa ziyarta, suka tara kuɗi aka gina makaranta da sunansa a Pakistan. A 1998 yara na cikin waɗanda suka yi tattakin duniya na yaƙi da aikin yara da Kailash Satyarthi na Indiya ya jagoranta har zuwa Geneva, shekara ɗaya bayan haka ILO ta amince da yarjejeniya mai lamba 182 kan mafi munin nau'o'in aikin yara, wadda zuwa 2020 duk ƙasashen ƙungiyar 187 suka rattaba wa hannu.

Idan wanda aka ceto ya dawo ajinmu fa?

Ku karɓe shi kamar kowa. Kada a tsare shi da tambayoyi, kada a laƙaba masa suna, kada a riƙa nuna shi ana cewa kwaɗayi mabuɗin wahala. Ba kwaɗayi ne ya kai shi ba, cin amanarsa aka yi. Ko da an sa shi sata ko safarar ƙwaya, ƙa'idar da Majalisar Ɗinkin Duniya ke kira ga ƙasashe su bi ita ce kada a hukunta mutum kan laifin da aka tilasta masa. Zai iya zama mai saurin fushi, ko mai yawan shiru, ko ya kasa riƙe karatu na wani lokaci. Tsangwama na daga cikin abubuwan da ke mayar da irin waɗannan yara hannun waɗanda suka cuce su, musamman in talaucin da ya fitar da su tun farko yana nan. Ku ara masa littafin darussan da suka wuce shi, ku sa shi a wasa, wanda ke zaune kusa da shi ya taya shi aikin gida. Ita kuma makaranta ta haɗa shi da mai ba da shawara, ta duba batun kuɗin makaranta da kayan karatu, ta kuma riƙa tuntuɓar gidansu a kai a kai.